Tabon Wayoyi A Kan Najiba

"Ni dai tun da nake ban taɓa ganin asibitin da ke fatan majinyaci ya faɗi ba sai wannan."

Ya Fanna ce ta faɗa. Ta fara faɗa da Kanuri, ta ga nas ɗin da ke gyara labule ba ta motsa ba, sai ta maimaita da Hausa don saƙon ya isa inda aka aike shi.

'Yarta Najiba ita ce majinyaciyar. Tana zaune a tsakiyar gado ta haɗa kai da gwiwa. Kitson da aka wuni ana yi mata an tsefe shi tas, an bi fatar kanta layi-layi da gam an liƙa wasu 'yan ƙarafa kamar maɓallan riga, kowanne da siririyar wayarsa, sannan aka naɗe kan da bandeji. Wayoyin sun taru a ƙeyarta sun zama jela guda, sun gangara cikin wani ɗan akwati a gefen gado. Can saman ƙofa kuwa kyamara ce da ɗan jan idonta, tana kallonta ko tana barci ko tana salla.

Allah sarki Najiba, yarinyar da duk unguwar Limanti aka sani da tsabta da ƙamshi, wadda humrar da take haɗawa da mahaifiyarta har Kano ake aikowa a saya. Yau ga ta kai na ɗoyin gam, ƙaiƙayi na cinta, an hana ta ko sosawa.

Abin da ya kawo ta nan kuwa, a bikin ƙawarta Rahmat ya faru. Ana tsakiyar kiɗa mata sun cika fili, sai ta ji wani ƙauri kamar an jefa roba a wuta. Ita mai hancin turare, ta juya ta tambayi ta kusa da ita me ke ƙonewa. Iyakar abin da ta tuna ke nan. Ta farka a ƙasa, laffayarta duk ƙura, harshenta a cije, fuskoki sun yi mata rumfa.

Wannan ne karo na biyu. Na farkon a kicin ɗinsu ne, daga ita sai Ya Fanna, shi ya sa aka binne shi.

Nan take Ya Fanna ta ce azumi yarinyar take yi, ga zafin Maiduguri. Amma maganar ba ta kwana ba sai a unguwar Moduganari, gidan Alhaji Harun dillalin shanu, mahaifin Walid, saurayin da zai aure ta. Kayan gaisuwar da aka sa ranar kawowa aka ɗage, wai sai an yi shawara. Daga baya labari ya zo cewa Alhajin ya rantse a gaban 'yan'uwansa, jininsa ba zai haɗu da farfaɗiya ba, ko 'yar waye.

Shi ya sa da likita ta ce sai an kwantar da Najiba an yi mata dogon gwajin ƙwaƙwalwa, Ya Fanna ta shelanta wa unguwa cewa 'yarta ta tafi Damaturu jinyar goggonta. Ta karɓe wayar Najiba ta kashe ta jefa a jaka. Ko Walid, Damaturun aka gaya masa.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, Babagana, ɗan yayan Ya Fanna, mai kemis a unguwar Mairi. Shi ya samo gadon, shi ya kawo su a motarsa, shi ke kiran wayar Ya Fanna kullum da safe yana tambayar ya mai jiki. Shi ne kuma ya daɗe yana neman auren Najiba tana kauce masa. Yanzu haka ga shi a kujerar gefe ya harɗe ƙafa, yana kaɗa makullin mota a yatsa kamar shi ya gina asibitin.

Ƙofa ta buɗe, Dakta Salomi ta shigo. Mace ce gajera mai gilashi, 'yar kudancin Borno, ba ta da sauri a magana kuma ba a tsorata ta.

Ya Fanna ko gaisuwa ba ta bari an gama ba.

"Dakta, ki gaya mini abin da kuke nema a jikin yarinyar nan. Kun rage mata ƙwayar da kuka ba ta da hannunku. Kun hana ta barci. Jiya kun kawo wata fitila mai walƙiya kun haska mata a ido, kun sa ta tana haki kamar wadda ta yi gudu. So kuke ku kashe mini ita?"

"So muke abin ya zo a gabanmu, Hajiya."

"La'ilaha illallahu! Kin ji ko, Babagana?"

Likitar ta ja kujera ta zauna. "Abubuwa da yawa suna kayar da mutum, Hajiya. Zuciya tana kayarwa, ƙarancin sukari yana kayarwa, damuwa ma tana kayarwa har mutum ya yi ta fizge-fizge. Farfaɗiya ita ma kala-kala ce, kowace da maganinta. In na ba ta maganin wata alhali wata ke damunta, na cuce ta. Wayoyin nan suna karanta motsin ƙwaƙwalwarta, kyamara kuma tana ganin jikinta. In abin ya zo, sai mu haɗa biyun mu san ko mene ne, mu san daga wane ɓangaren kai yake tashi."

"To ai kun yi mata na farko, kuka ce lafiya lau."

"Na farkon ɗan gajere ne, ko shayi ba a gama sha ba an cire. Mai farfaɗiya yana iya zama a gaban na'urar nan ta nuna shi garau, muddin abin bai motsa ba a lokacin."

Najiba ta ɗago kai a hankali. "Dakta, in ya zo da ƙarfi fa? Tunda kun rage maganin."

"Yana iya zuwa da ƙarfi, ba zan ɓoye miki ba. Shi ya sa aka naɗe ƙarfen gadon da katifa, shi ya sa allurar nan take hannunki, don mu tsayar da shi nan take. Haɗarin yana nan, amma gara a nan da a bakin murhu."

"In bai zo ba kuma?"

"Sai ki koma gida da tambayarki, ki ɗauki ƙaiƙayi da wahala a banza. Wannan ma yana faruwa." Ta gyara gilashinta ta dubi su ukun. "Af, na tuna. Kun ce a wurin biki ta faɗi. Yanzu ai babu bikin da ba a ɗaga wayoyi. In akwai wanda ya ɗauki faɗuwar a waya, ku nemo mini. Wallahi wani lokaci ɗan hoton nan ya fi mini wayoyin kanta amfani."

"Babu!" in ji Ya Fanna da sauri. "Babu wanda ya ɗauka."

Babagana ya yi murmushi yana kallon makullinsa. "Haba Dakta, wa zai ɗauki irin wannan? Ai mutanenmu da kunya."

Najiba ta bi shi da ido. Ita dai ba ta san dalili ba, amma duk sanda mutumin nan ya yi murmushi sai ta ji gabanta ya faɗi. Wa ya kai maganar Moduganari da wuri haka? Me ya sa tun da aka ɗage kayan gaisuwa ya ƙara ƙiba da fara'a? Ta ga yadda yake raha da ma'aikatan ɗakin da ake kallon kyamara, yana kawo musu lemo. Ko har leƙawa yake ya gan ta ba ɗankwali, tana barci baki buɗe? Ta ja bargo har wuya duk da zafin da ake yi.

Da likita ta fita, Ya Fanna ta bi ta da sauran ƙorafi. Babagana ya matso da kujerarsa.

"Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Ni ko an gani ko ba a gani ba, ina nan. Magani kuwa ga shago guda. Wasu ko, daga jin ƙishin-ƙishin har sun ja baya."

"Na gode, Yaya Babagana," ta ce, ta juya wa bango fuska.

Hawaye suka gangaro mata. Abin da ya fi cinta, ita kanta ba ta san me za ta roƙi Allah ba. In ta faɗi a gaban kyamarar nan, za a ba ciwon suna, a ba ta maganinsa, ta rasa Walid. In ba ta faɗi ba, Walid yana nan, amma ƙaurin robar nan yana biye da ita duk inda ta sa ƙafa. Ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, ta rasa wadda za ta fara, ta sauke.

* * *

Abin dai bai zo ba. Aka yi kwanakin da za a yi, Najiba ta rame, idanunta suka faɗa, amma ko gezau.

Ranar sallama Dakta Salomi ta zo da kanta. "Mun duba duka, daga farko har ƙarshe. Ba mu ga komai ba."

Ya Fanna ta rangaɗa hamdala har sai da nas ta leƙo. "Babu! Alhamdulillahi, babu! Dama na faɗa, azumi ne da zafi."

"Hajiya, tsaya. Ban ce babu ba. Na ce ba mu gani ba."

"To ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Baƙo ne muka zauna jiransa bai zo ba, wannan bai nuna ya bar gari ba. Za ta koma kan maganinta yadda take sha da. Kada ta tsaya a kan wuta ita kaɗai, kada ta kulle banɗaki, kada ta ja mota. Ku dawo mu sake shawara."

Ina! Ya Fanna tuni ta fara naɗa laffaya tana haɗa kwanuka. Kunnenta ya ɗauki abin da yake so, ya bar wa Najiba sauran.

Da aka zo cire wayoyin ne Najiba ta san gam ba abokin wasa ba ne. Duk inda maɓalli ya zauna ya bar jan tabo, wasu sun yi ruwa sun fashe, wasu wuraren gashin ma ya biyo. Ta dubi kanta a madubin banɗaki, tabo a jere reras daga goshi har ƙeya, dama da hagu daidai wa daida. Ta ɗaure kan da ɗankwali biyu.

Babagana ya mayar da su Limanti. Ya Fanna ta ce ya sauke su a bayan layi, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba, ya kai su har ƙofar gida da rana tsaka, ya fito ya buɗe wa Najiba ƙofa a gaban masu shayi da masu facin taya.

* * *

Washegari bayan la'asar suna tsakar gida suna tace humra, sai ga sallama da gaisuwar Kanuri.

"Wushe, wushe, masu gida! Ana ta aikin ƙamshi?"

Cokalin hannun Ya Fanna ya kusa faɗuwa. Hajja Khadijat ce, yayar Alhaji Harun, wadda ta riƙe Walid tun rasuwar mahaifiyarsa. A gidan nan na Moduganari in ta yi tari, maza ma gyara zama suke. Doguwa ce fara, da zinare a haƙori, ba ta taɓa tako gidan su Najiba ba sai yau.

Aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwan tsamiya mai sanyi. Hajja ta ce humra ta zo saya, Walid ne ya kawo ta, yana mota a waje.

Hajja ta shinshina kwalba ɗaya ta ajiye, ta shinshina wata ta ajiye, idonta kuwa yana kan Najiba.

"'Yata, ya hanyar Damaturu? Na ga duk kin zabge. Jinyar ce ta yi tsanani haka?"

"Lafiya lau, Hajja."

"Ya mai jikin?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Mutum ya je Damaturu ya dawo ko tsarabar ƙuli babu." Ta yi dariya ita kaɗai. "Matso nan kusa da ni. Ai ke ce amaryarmu in Allah ya yi. Bari in ga kan da za a wanke ranar biki, an ce gashinki har gadon baya."

"Hajja, ba a yi kitso ba," in ji Ya Fanna.

"Ni ma ai uwa ce."

Kafin Najiba ta kauce, hannun Hajja ya kai. Ɗankwali na farko ya zame, na biyu ya bi shi.

Hajja ta kama kan da hannu biyu ta juya shi wajen haske, ta buɗa gashin da yatsa, tana bin tabon ɗaya bayan ɗaya. Murmushin fuskarta ya gushe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsaga!"

"Wace irin tsaga, Hajja? Ƙuraje ne, man kitso ne bai karɓe ta ba."

"Fanna, ni za ki gaya wa ƙuraje? Ƙurajen da suka san layi, suka san dama da hagu? Na girma a ruga, na ga masu tsaga suna cusa baƙin magani a kai tun kafin a haife ki. Wannan aikin ƙwararre ne." Ta saki kan Najiba ta goge hannunta a laffaya. "Ashe Damaturun ke nan. Shi ya sa yaron ya daina cin abinci, ya bar zuwa kasuwar shanu, ubansa na magana yana kallon ƙasa. Na ce wannan son ba na Allah da Annabi ba ne. Ashe a ƙoƙon kai aka binne mana shi!"

"Wallahi Hajja ba haka ba ne," Najiba ta faɗa cikin kuka.

"To yaya ne? Ina jin ki."

Najiba ta dubi mahaifiyarta. Ya Fanna ta kau da kai. In ta ce asibiti, ta tabbatar da maganar da ta yi ta ƙaryatawa. In ta yi shiru, 'yarta ta zama mai bin bokaye.

Hajja ta miƙe ta zura takalmi. "Ku riƙe humrarku. Wa ya san abin da ke cikinta."

Tana fita Ya Fanna ta damƙo hannun Najiba. "Yanzu Walid zai shigo, na san shi. Ki saurare ni da kyau. Ki ce masa asibiti kika je, eh, wannan ya zama dole. Amma ki ce likita ta ce babu. Babu, kin ji? Kalma ɗaya ce."

"Ya, ba haka ta ce ba."

"Wa zai je ya tambaye ta? Ni na haife ki, ni na san abin da ake yi wa macen da aka liƙa wa sunan nan. Kofin da kika sha ruwa ma ba za a taɓa ba. Ki rufa mana asiri, Najiba, don darajar ubanki da ke kabari."

Sai ga sallamarsa daga zaure.

* * *

Walid yana tsaye ya jingina da bango, farar shadda a jikinsa duk ta yamutse, hularsa a hannu. Shi ma ya rame. Najiba ta tsaya daga bakin ƙofa, Ya Fanna kuma ta laɓe a bayan labule, numfashinta ma ana ji.

Bai ce mata ya hanya ba.

"Na je Damaturu, Najiba."

Najiba ta kau da ido, shi kuma ya ci gaba.

"Da na ji wayarki a kashe kwana da kwanaki, na ɗauki mota na tafi, har da kayan dubiya. Na samu goggonki tana daka a tsakar gida, lafiyarta ƙalau. Ta ce rabonta da ke tun babbar salla. Na tsaya kamar wawa da ledar lemo a hannu."

"Walid..."

"Jiya kuma aka ce an gan ki kina fitowa daga motar Babagana, shi ya buɗe miki ƙofa. Yau Hajja ta fito tana rantsuwa an tsaga miki kai saboda ni. Ki gaya mini wanne zan ɗauka. Na rantse da Allah kwanakin nan ko inuwata zargi nake."

"Kai ma ka yarda zan yi maka asiri?"

"Ban san me zan yarda da shi ba! Macen da ta iya ƙirƙiro mini Damaturu, me ba za ta iya ba?"

Maganar ta soke ta. Ta sa hannu ta cire ɗankwalin da kanta, ta sunkuyar da kai a gabansa, hawaye na ɗiga a siminti.

"Duba da kyau. Ba aska ba ce, gam ne. Asibiti na kwanta, Walid. Wayoyi aka liƙa mini a kai, aka sa mini kyamara dare da rana, aka rage mini magani, aka hana ni barci, ana jira in faɗi a ga abin da ke kayar da ni. Yaya Babagana shi ya kai mu, shi ya dawo da mu. Na ɓoye maka ne don ina tsoron abin da mahaifinka ya rantse a kai. Ƙarya na yi maka, na yarda. Amma ban taɓa zuwa wurin kowa don in mallake ka ba."

Ya daɗe yana kallon tabon. Hannunsa ya ɗago kamar zai taɓa, ya mayar.

"Me likita ta ce?"

"Babu!" Muryar Ya Fanna ta faso labule. "Babu komai, ɗana! An duba ta ciki da waje, an ce babu. Je ka gaya wa Alhaji."

Walid bai dubi labulen ba. "Ke nake tambaya, Najiba."

A waje aka danna hon, dogo. Hajja ce ta gaji da jira.

Najiba ta ji kalmar a kan harshenta, 'yar ƙarama, mai sauƙin faɗa. Tana faɗa an gama, kayan gaisuwa su iso, a sa rana. Sai ta hango kanta a kicin ɗin gidansa, mai na tafasa a kasko, jariri a bayanta, ƙaurin robar nan ya taso, shi kuma yana kasuwa da tabbacin matarsa lafiyarta ƙalau.

"Ba a gani ba, ta ce." Najiba ta dube shi. "Ba ta ce babu ba. Ta ce na'urar ba ta wanke mutum, abin ne kawai bai zo ba. Sau biyu na faɗi, Walid, ba sau ɗaya ba. Har yau ban san mene ne ba, kuma ina shan magani."

Bayan labule Ya Fanna ta fashe da kuka. "Kin kashe kanki, Najiba. Kin kashe mu."

Walid ya lumshe ido, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Da ya buɗe su sun kaɗa sun yi ja.

"Su ba su gani ba," ya ce a hankali. "Ni na gani."

Ya zaro wayarsa ya latsa ya miƙo mata. Ta ji kiɗan bikin Rahmat. Ta ga wata mai laffaya ruwan goro ta tsaya cak, idonta ya kafe, bakinta na motsi kamar mai tauna, kanta ya juya gefe guda, sannan ta zube tana fizga. Sai da ta ga awarwaron hannun kafin ta yarda ita ce.

"Tun washegarin bikin aka turo mini, aka turo wa Abba. Na kalla har na haddace. Ban ja baya ba, Najiba, rigimar da nake yi a gida ke nan. Jira nake ki gaya mini da bakinki, sai kika ba ni Damaturu. Da yanzu kin ce babu, wallahi da na sa hulata na fita, ba za ki sake ganina ba."

Najiba ta taɓa saman allon, lambar da ta turo hoton ta fito. Ba ta da suna a wayarsa, amma Najiba ta san ta. Ita ce lambar da ke haskawa a wayar Ya Fanna kowace safiya a asibiti, ana tambayar ya mai jiki.

"Ya," ta kira mahaifiyarta. "Fito ki ga kunyar mutanenmu."

Ya Fanna ta fito tana share ido, ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuska ta karanta lambar. Ta sake karantawa. Sai ta nemi bango ta dafa.

"Yaya Babagana yana zaune a wurin," in ji Najiba. "Likita ta roƙa a gabansa, ta ce hoton nan zai fi mata wayoyin amfani. Yana aljihunsa, ya bar ni ina kwana da gam a kai."

Walid ya karɓi wayarsa. "In likita ta ga wannan, tana iya kiran sunan ciwon. In ta kira, kin san rantsuwar Abba. In kin ce in goge, yanzu zan goge."

"Goge, ɗana," Ya Fanna ta roƙa. "Don Allah goge."

Najiba ta share hawayenta da gefen ɗankwali. "Kada ka goge. Na gaji da tsoron abin da ban san sunansa ba. A kai mata."

"Ka ji da kunnenka ko?"

Duk suka juya. Hajja Khadijat ce a bakin zaure, ba wanda ya ji shigowarta. Daga ganin fuskarta ba abin da ya wuce ta.

"Da asirin ne ma da sauƙi, ana karya shi. Wannan kuwa har jikoki, ba likitar da za ta gaya mini sabanin haka. Walid, wuce mu tafi. Na rantse maka, in ka taka asibitin nan da yarinyar nan, kada ka sake tako gidan ubanka."

Ya Fanna na kuka ƙasa-ƙasa. Najiba ta sunkuyar da kai, ba ta son ganin bayansa sanda zai juya.

Walid ya kakkaɓe hularsa ya ɗora a kai. Ya dubi Hajja da ladabi, ya ce zai mayar da ita gida yanzu. Sannan ya juyo.

"Najiba, ƙarfe nawa likitar take fara ganin mutane?"